Baƙo a Birnin da Masu Shi Suka Tafi Gida: Zaman Fatake da Yawon Buɗe Ido a Guwanzu Lokacin Sabuwar Shekarar Sinawa

1.0 Gabatarwa

Kowace al'umma tana da lokacin da take ajiye sana'a ta koma gida. A wurin Hausawa lokacin nan shi ne na Salla, Ƙarama da Babba, sa'ad da tashoshin mota na Ikko da Fatakwal ke cika da 'yan cin rani da ma'aikata masu neman hanyar Arewa. A ƙasar Sin kuwa, lokacin shi ne na sabuwar shekararsu ta gargajiya, wadda ake lissafinta da wata. An yi rubuce-rubuce da dama a kan yadda Sinawa ke gudanar da wannan biki a cikin iyalansu. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne ɗaya ɓangaren, watau halin baƙon da ba shi da garin da zai koma a ƙasar, wanda bikin yake riska a masaukinsa.

An zaɓi birnin Guwanzu ya zama abin misali. Shi ne ake rubutawa Guangzhou da baƙaƙen boko, Turawa suka daɗe suna kiransa Kanton, Larabawan da kuwa suka san shi da Khanfu. Yana kudancin Sin, a bakin Kogin Lu'ulu'u, shi ne kuma babban birnin lardin Guangdong. Dalilin zaɓensa shi ne, a duk ƙasar Sin nan ne 'yan kasuwar Afirka suka fi taruwa, har da Hausawan Nijeriya da Nijar da Gana.

Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan hutu, ko da yake tsaiko ne ga ciniki, kusan shi kaɗai ne lokacin da baƙo ɗan kasuwa ke samun sararin ganin birnin da yake zaune a ciki. Sa'an nan wuraren da ƙafarsa za ta fi saurin kai shi su ne ke ba da shaidar cewa zaman baƙi a unguwa ta daban tsohon tsari ne a birnin, wanda ya haura shekara 1,000.

2.0 Lissafin Shekara da Sunan Bikin

Kafin a shiga maganar baƙi, ya kamata a fayyace yadda ake sanin ranar bikin, domin mai jin an ce "shekarar wata" zai iya zaton irin ta Hijira ce. Sun yi tarayya a abu guda: wata 12, kowanne kwana 29 ko 30, jimla wajen kwana 354, watau ƙasa da shekarar rana da kimanin kwana 11. Amma sun rabu a wuri biyu. Na farko, watan Sinawa yana kamawa ne a ranar da wata ya ɓuya ɗungum bisa lissafin masana taurari, ba a jiran ganin jinjirinsa. Saboda haka yakan riga watan Musulunci da kwana ɗaya ko biyu. Na biyu, shekarar Hijira ba a yi mata ƙari, shi ya sa Azumi ke zagaya damina da rani. Su kuwa Sinawa, da yake lissafin na manoma ne, sukan ƙara wata na 13 sau 7 a cikin kowace shekara 19, don kada watanni su bar yanayinsu. Wannan ya sa bikin ba ya fita tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Alal misali, a 2024 ya faɗo 10 ga Fabrairu, a 2025 kuma 29 ga Janairu, a 2026 kuwa 17 ga Fabrairu, dab da kamawar watan Azumi. A shekarun 1996 zuwa 1998 ya yi kusan haɗuwa da Ƙaramar Salla, haka kuma za a sake gani daga 2029 zuwa 2031.

Kowace shekara tana da dabbar da ake danganta ta da ita, su 12, a jere kamar haka: ɓera, sa, damisa, zomo, long, maciji, doki, akuya, biri, zakara, kare, alade. Shi long ɗin nan dabbar almara ce mai jikin maciji da ƙahoni da farata, kuma alamar mulki da ruwan sama ce a wurinsu, ba abin tsoro ba ce irin dodon tatsuniya.

Dangane da suna, bayan faɗuwar daular Qing an karɓi kalandar Turawa a 1912, aka mayar da sunan "ranar farko" ga 1 ga Janairu, tsohon bikin kuwa aka riƙa ce masa Chunjie. Sashen Hausa na Rediyon Sin, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1963, yana fassara shi da "Bikin Bazara". Fassarar ta zauna, amma ta ɗan kauce. Bazara a Hausa lokacin tsananin zafi ce kafin saukar damina. Ita kuwa kalmar chun tana nufin lokacin da sanyi ya fara sakin ƙasa, itatuwa suka soma toho. Inda suka yi kama shi ne, dukansu biyu lokacin sharar gona ne da jiran shuka. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam.

3.0 Yadda Birni Ke Zama Kango

Ginshiƙin bikin shi ne cin abincin daren jajibere tare da iyaye a gidan asali. Duk sauran abubuwa, irin su manna jajayen takardu a ƙofa da rawar zaki da wasan wuta, rassa ne. To, a ƙasar da mutane ke zaune inda aka haife su wannan ba zai jawo wani motsi ba. Amma tun da aka buɗe ƙofofin ciniki a 1978, masana'antu suka taru a lardunan bakin teku, ma'aikatansu kuwa daga ƙauyukan cikin ƙasa suke. Ƙididdigar hukuma ta 2023 ta nuna mutanen karkara masu aikin da ba noma ba sun kusa miliyan 300. Akwai kuma tsarin rajistar gida da ake kira hukou, wanda aka kafa dokarsa a 1958, wanda ke ɗaure haƙƙin makarantar yara da asibiti ga garin da aka yi wa mutum rajista. Saboda haka da yawa sukan bar 'ya'ya wajen kakanni a ƙauye, ba su ganinsu sai shekara-shekara.

Daga nan ne aka sami abin da ake kira chunyun, watau jigilar bikin, wadda hukuma ke ƙayyade mata kwana 40: kwana 15 kafin ranar, kwana 25 bayanta. A 2019 an lissafa tafiye-tafiye kusan biliyan 3 a jiragen ƙasa da na sama da na ruwa da motocin haya. Ƙarfin wannan buri na isa gida ya fito fili a Janairun 2008, lokacin da ƙanƙara ta katse layin dogo, dubban ɗaruruwan mutane suka yi kwana da kwanaki a dandalin tashar jirgin ƙasa ta Guwanzu cikin ruwa da sanyi, suna jiran a buɗe hanya.

A ƙidayar 2020 mazauna Guwanzu sun kai miliyan 18 da dubu 700, kusan rabinsu kuwa ba su da rajistar birnin. Ke nan idan biki ya matso, babban kaso na masu ɗinki da masu dako da masu tsaron shago da masu tuƙi sukan watse. Hutun hukuma gajere ne, a 2025 kwana 8 ne duka-duka idan an haɗa da ranakun ƙarshen mako. Amma hutun masana'antu yakan ɗauki mako biyu zuwa wata guda, domin ma'aikaci da yawa ba ya komowa sai bayan Bikin Fitilu na ranar 15 ga wata, wani ma in ya tafi ke nan, sai a nemi sabo a koya masa aiki.

4.0 Baƙin Afirka da Unguwanninsu

Guwanzu ta saba da baƙin ciniki na zamani tun 1957, lokacin da aka fara baje kolin Kanton da ake yi sau biyu a shekara. Amma kwararar 'yan Afirka ta soma ne a ƙarshen shekarun 1990, musamman bayan rikicin kuɗi na Asiya na 1997, sa'ad da waɗanda ke saro kaya a Bankok da Jakarta suka juya akalarsu zuwa Sin. An yi saɓani a kan yawansu. Adams Bodomo, masanin harshe ɗan Gana, a littafinsa na 2012 ya ƙiyasta su wajen 100,000, hukumar birnin kuwa a 2014 ta ce 16,000 ne mazauna. Tazarar ta samo asali ne daga wanda ake ƙirgawa, domin mafi yawansu masu zuwa ne su yi mako biyu ko uku su koma. Tsananta biza da annobar 2020 sun rage yawansu ƙwarai.

Unguwanni biyu suka yi fice. Akwai Xiaobei, da ake furtawa kamar "Shiyawbei", inda Musulmin Afirka ta Yamma suka fi yawa, mutanen Mali da Gini da Sanagal da Nijar da arewacin Nijeriya, suna cuɗanya da Larabawa da Musulmin Sin. Sai kuma wajajen Sanyuanli, inda Inyamurai suka fi rinjaye. A nan akwai abin lura ga mai nazarin al'adun Hausawa. Abner Cohen a 1969 ya bayyana yadda unguwar Sabo ta Badun ta ginu a kan masu gida, waɗanda ke saukar da falke, su ajiye masa kaya, su haɗa shi da mai saye, su tsaya masa a kan bashi. Mahdi Adamu kuma a 1978 ya bi sawun zangunan Hausawa a faɗin Afirka ta Yamma. Aikin da mai gida ke yi a zango shi ne mazaunin Xiaobei mai ofishin aika kaya ke yi a yau: tarbar baƙo, nema masa masauki, yi masa tafinta, raka shi masana'anta, tara kayansa a sito har a cika kwantena. Bambancin shi ne, a zangon Kumasi falke yana iya zama ɗan gari, ya mallaki gida, jikokinsa su gaje shi. A Guwanzu kuwa zamansa yana rataye da takardar da ake sabuntawa.

Rayuwar irin wannan baƙo ƙuntatacciya ce ta fuskar wuri. Daga masauki sai kasuwar sari, daga nan sai sito, sai gidan abinci, ranar Juma'a kuma masallaci. Bodomo ya lura cewa ciniki da yawa ana ƙulla shi ne da na'urar lissafi, mai saye ya buga farashi, mai sayarwa ya goge ya buga nasa. Mutum yana iya shekara da shekaru a haka bai san abin da ke bayan katangar lambun da yake wucewa kullum ba.

5.0 Hutun Dole

Makonnin da ke gaban bikin su ne mafi zafi a shekarar ɗan kasuwa. Al'adar Sinawa ce kada a shiga sabuwar shekara da bashi a wuya, ga shi kuma mai masana'anta dole ya sallami ma'aikatansa kafin su kama hanya. Saboda haka yakan matsa wa abokin cinikinsa ya cika ragowar kuɗi. Kowa kuma yana rige-rigen loda kaya kafin a rufe, kuɗin dako ya tashi, gurbin kwantena ya yi wuya. Tun da jirgin ruwa yakan yi fiye da wata guda kafin ya isa Ikko ko Kwatano ko Lome, a shekarun da bikin ya kusanci Azumi mai atamfa a Kantin Kwari da ke son kayan Salla ba shi da zaɓi sai kayansa su tashi kafin hutu. Ta haka lissafin watan Sinawa ke taɓa kasuwar Kano, ko da mai sayen turmin bai taɓa jin labarinsa ba.

Da an rufe, sai komai ya lafa. Falke mai zuwa ya koma ba ya shigowa a wannan lokaci, in dai ya san kan abin. Waɗanda ke saura iri uku ne: masu ofisoshin aika kaya, da ɗalibai, da waɗanda suka yi aure a ƙasar. Na ƙarshen nan sau da yawa sukan bi matansu zuwa garin surukai, su ne kuma ke ganin bikin daga cikin gida. Musulmi a cikinsu yana fuskantar teburin da naman alade da giya ke da babban matsayi a kansa, da kuma al'adar ƙona turare da rusunawa ga allunan kakanni, sai ya nemi hanyar girmama masu gida ba tare da ya taɓa addininsa ba.

Wanda ya zauna a birni kuwa yana da nasa matsalolin. Ofisoshin hukuma a rufe suke, ga dokar shige da fice da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2013 ta tanadi tarar yuwan 500 a kan kowace ranar da baƙo ya wuce wa'adinsa, har zuwa yuwan 10,000, ko tsarewa ta kwana 5 zuwa 15. Don haka mai hankali yakan duba takardunsa tun da sauran lokaci. Ƙananan gidajen abinci da yawa sukan rufe, sai ya dogara da girkin kansa, ko da shagunan Musulmin Sin masu alamar qingzhen, watau halal, waɗanda wasunsu ba su rufewa domin bikinsu na addini Salla ce. Akwai kuma sanyi. Ba ya kai na Bejin, amma mai laima ne, ba busasshe irin na hunturu ba, gidajen kudu kuma ba a haɗa su da bututun ɗumama ɗaki kamar na arewacin ƙasar. Fita nesa ba ta da sauƙi, tun da tikitin jirgin ƙasa ya zama abin rububi. Abin da ya rage wa baƙo shi ne birnin kansa, tituna fayau, jirgin ƙarƙashin ƙasa ba turereniya, lambuna da mafi yawan gidajen tarihi kuma a buɗe.

6.0 Wuraren Ziyara

6.1 Kasuwar Furanni

Abin da Guwanzu ta fi shahara da shi a wannan biki shi ne kasuwar furanni, wadda ke ci kwana uku kafin ranar, ta watse cikin daren jajibere. Akan toshe tituna a kafa rumfuna, mafi tsufa a cikinsu ita ce ta titin Xihu a tsakiyar tsohon gari. Mutanen birnin suna kiran zuwa can "takawa a titin fure", kuma ba sai mai saye ke zuwa ba. Kowane tsiro da ma'anarsa. Ana sayen tukunyar wani ɗan ƙaramin lemo mai ruwan zinariya domin sunansa a harshen Kanton ya yi amo ɗaya da kalmar sa'a. Ana sayen reshen itacen tao mai jan fure domin buɗin kasuwa da dacen aure. Amfanin wannan kasuwa ga baƙo shi ne, ita ce ɓangaren bikin da ake yi a bainar jama'a. Cin abincin jajibere na dangi ne, ba a shiga sai da gayyata, titin fure kuwa na kowa ne.

6.2 Hubbare da Masallacin Huaisheng

Yamma kaɗan da Xiaobei akwai tsohuwar maƙabartar Musulmi, da hubbaren da Musulmin Sin ke cewa na Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne. A masallacin da ke harabar ne ake taron Juma'a mafi girma a birnin, baƙin Afirka kuma suna cikin masu cika sahu. Can cikin tsohon gari kuma akwai masallacin Huaisheng, ma'anar sunan "tunawa da Annabi", wanda riwayar wurin ke cewa Sa'adu ne ya kafa shi a 627. A nan dole a rarrabe riwaya da tarihi. Malaman tarihin Musulunci sun tafi a kan cewa Sa'adu ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina wajen shekara ta 55 ta Hijira, aka binne shi a Baƙi'a. Littattafan daular Tang kuwa sun rubuta zuwan jakadun Larabawa na farko a 651, zamanin Halifa Usmanu. Duk da haka masallacin yana cikin mafiya tsufa a Sin. An sake gina shi a 1350, da kuma 1695 bayan gobara. Hasumiyarsa mai tsawon mita 36 a da tana dab da gaɓar kogi, tana yi wa jiragen ruwa jagora, yanzu kuwa kogin ya ja baya, gidaje sun kewaye ta.

Unguwar da ke kewaye da masallacin ita ce a zamanin Tang ake kira fanfang, watau unguwar baƙi. Hukuma ce ke naɗa mata shugaba daga cikin baƙin. Wani littafin Larabci na shekarar 851 mai ba da labarin Sin da Hindu ya ambaci cewa a Khanfu akwai Musulmin da sarkin Sin ya ɗora wa yin hukunci tsakanin 'yan'uwansa, shi ke kuma jan sallar Idi. Duk wanda ya san sarautar Sarkin Zango ba zai rasa gane wannan tsari ba. Zaman bai kasance lafiya kullum ba: wajen 879 ɗan tawaye Huang Chao ya ci birnin, aka hallaka baƙi masu yawa, waɗanda Abu Zaidi na Siraf ya ce sun kai 120,000. Daga baya unguwar ta farfaɗo. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya ambaci Gobir a labarin tafiyarsa ta Takedda a 1353, ya bayyana unguwar Musulmi ta wannan birni da masallacinta da alƙalinta a labarin tafiyarsa ta Sin wajen 1345.

6.3 Lambun Yuexiu da Kabarin Sarkin Nanyue

Tsakanin Xiaobei da hubbaren nan lambun Yuexiu yake, inda akan yi nunin fitilu masu siffar dabbar shekara a kwanakin biki. A cikinsa akwai benen Zhenhai na 1380, da ragowar ganuwar gari, da gunkin awaki biyar na dutse. Almarar birnin ta ce waɗansu bayin sama biyar ne suka sauko bisa awaki da zangarniyar shinkafa, suka yi wa garin addu'ar kada ya ga yunwa, shi ya sa ake masa laƙabi da Birnin Awaki. Tsallaken titi kuma akwai kabarin Zhao Mo, sarkin Nanyue, wanda ya mutu a shekara ta 122 kafin haihuwar Annabi Isa. An gano shi a 1983 wajen haƙar harsashin gini. Cikin kayan da aka tarar akwai akwatin azurfa ƙirar Farisa, da haure biyar da masana suka ce na giwar Afirka ne. Watau hajar Afirka ta riga 'yan Afirka na yau isa birnin da shekara fiye da 2,000.

6.4 Tsibirin Shamian

A kudu maso yamma, bakin kogi, akwai Shamian, ɗan tsibirin da Ingila da Faransa suka riƙe tun wajen 1860, mai gine-ginen Turawa da manyan itatuwa. Kusa da shi ne wurin da gidajen ciniki 13 suka tsaya. Daga 1757 zuwa 1842 Kanton ce kaɗai tashar da aka yarda Turawa su yi ciniki. An killace su a ɗan zirin gaɓa, ba su shiga cikin ganuwa, ba su kawo matansu, in kakar ciniki ta ƙare kuma sai su koma Makawo. Har yawon shan iska an yi masa doka. William Hunter, Ba'amurken da ya zauna a can, ya rubuta a littafinsa na 1882 cewa an yarje musu ziyarar lambunan furanni na Huadi da wani haikali a tsallaken kogi a ranakun 8 da 18 da 28 ga wata, kada su wuce mutum 10 a tafiya guda, kuma sai da rakiyar tafinta. Baƙon yau yana zuwa inda ya ga dama a birnin, amma dokar yin rajistar masauki cikin awa 24 da isowa tana tuna masa cewa har yanzu ana lissafe da shi.

7.0 Gaisuwa da Kyauta

Abin da baƙo ke tsinta na harshe a kwanakin nan ya fi na sauran watanni, domin magana ta tashi daga farashi ta koma gaisuwa. Mafi yaɗuwa ita ce gongxi facai, a harshen Kanton gung hei fat coi, ma'ana "barka, a yi arziki". Harshen Sinanci yana da kalmomi masu amo ɗaya da yawa, al'adun bikin kuma sun ginu a kan haka. Ana cin kifi a rage saura domin yu na nufin kifi, yana kuma nufin rara. Ana manna harafin fu, watau albarka, a kife, domin dao na nufin kifewa da kuma isowa. Ana gudun lamba 4 don ta yi kama da kalmar mutuwa, ana son 8 don ta yi kama da ta arziki. Ba a shara ranar farko, kada a share sa'a. Bahaushen da ya san dalilin da ya sa ake ce wa maciji "igiyar ƙasa" da dare, ba zai yi mamakin al'ummar da ke ganin furuci yana jawo abin da aka ambata ba.

Akwai kuma jan ambulan mai kuɗi a ciki, wanda mutanen Kanton ke kira lai si. Ya yi kama da goron Salla, sai dai ƙa'idarsa daban: mai aure ke ba marar aure, babba ya ba yaro, mai gida ya ba ma'aikacinsa ranar komawa aiki. A Guangdong kuɗin kaɗan ake sawa, ana kuma ba har mai gadi da mai shara. Ana karɓa da hannu biyu, ba a buɗewa a gaban mai bayarwa. Baƙon da ke da ma'aikata Sinawa, in ya kiyaye wannan, ya sami abin da na'urar lissafi ba ta ba shi.

8.0 Kammalawa

An ga yadda lissafin wata da tsarin aikin masana'antu suka haɗu suka sa Guwanzu ke zubar da babban kaso na jama'arta sau ɗaya a shekara, da yadda wannan ke tilasta wa baƙo hutun da bai nema ba. An kuma ga cewa daga hubbare zuwa Huaisheng zuwa Shamian, tafiyar yini guda ce ke ratsa zamani uku na zaman baƙi: na Larabawa da Farisawa, da na Turawa, da na 'yan Afirka. A kowane zamani an karɓi baƙo don cinikinsa, an ware masa unguwa, an kuma iyakance masa zama. Hausawa kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Tun da an yi nazarin zangunan Kumasi da Badun da Sudan, ya kamata masu nazarin harshe da al'ada su waiwayi wannan sabon zango: kalmomin da Hausar fatakensa ke arowa, da harshen da 'ya'yan da aka haifa a can ke tashi da shi, da kuma yadda suke kiran ranakun bikin da suka tarar.